Harsashi Na Biyu

Ruƙayya, sau ɗaya tak na taɓa ɗaga hannu na mare ki, kuma na san ba ki manta ba, don ko bara da kika zo hutu sai da kika tsokane ni da zancen. Kina da shekara bakwai, muna cin abincin rana a gidanmu na unguwar Al-Sih a Madina, kika tashi kika ɗauko muciyar Ummanku kika mai da ita sanda, kina jan ƙafar dama kina kwaikwayon tafiyar aminina, wanda kuke ce wa Ammi Bakur. Yayyenki, Usama da Hafsa, suka tuntsure da dariya, don gaskiya kin iya, har ɗan nishin da yake yi in zai zauna sai da kika yi. Ban san lokacin da na miƙe ba. Ummanku ta kwashe kwanuka ta shige kicin, ke kuma kika kwana biyu ba ki kalli inda nake ba. Na ce muku rashin ladabi na hukunta. Ba shi ba ne. Ƙafar nan da kike kwaikwayo, ni na san yadda aka yi ta zama haka, kuma lokaci ya yi da za ku sani.

Sai na fara mai da ku maƙerar kakanku, wadda ba wanda ya taɓa gani a cikinku. Ba garma da lauje kaɗai yake ƙerawa ba, mafarauta kan taso daga nesa ya yi musu bindiga irin wadda ake kira harba-ka-ruga. Sunanta ya gama faɗin halinta. A zuba albarushi ta baki, a cusa tsumma, a zuba guntayen ƙarfe, a danna da sanda, a harba sau ɗaya. In naman ya faɗi, madalla, in bai faɗi ba sai mutum ya nemi bishiya mafi kusa. Duk wadda ya gama ƙerawa sai ya kai ta bayan gari ya gwada a gaban mai ita, ni kuma ina biye da shi. Da ta tashi, hayaƙi ya turnuƙe, sai ya sauke ta, ya juyo yana murmushi, ya miƙo mini ita da ɗuminta.

"Karɓi, Isa," yakan ce. "Ta riga ta yi maganarta. Yanzu sanda ce."

Na ji wannan ya fi sau ɗari kafin a sa ni makarantar boko. Na yi karatu, na zama mai haɗa magunguna, na hau jirgi zuwa Madina da takardar aiki a aljihu, ina ganin na baro maƙera can baya. Ashe na taho da ita a tafin hannuna.

Ta hanyar mahaifiyarsa na san Bakur. Tsohuwa ce mai ciwon suga da ke zuwa karɓar magani a tagar da nake aiki a asibiti. Wata rana layi ya yi tsawo, sai na jiyo ta daga cikin niƙabi tana mita da wata irin Hausa da rabona da jin ta tun kakata na da rai. Na leƙo na ce, "Sannu, Iya, ga ni nan zuwa." Sai da ta dafa bango. Mako na zagayowa ta jawo ɗanta ta kawo shi ya ga likitan da ke jin maganar gida. Kakan Bakur da ƙafa ya taho daga ƙasar Kano, ya yi shekaru a hanya ta Sudan, ya iso ya yi hajji bai koma ba. Shi Bakur a Madina aka haife shi, ɗan ƙasa ne da takardunsa, bai taɓa ganin Najeriya ba, amma in ya yi fushi da Hausa yake yi. Aikinsa koya wa sababbin masu gadi harbi a wata ma'aikata, kuma an san shi da cewa a shekara ashirin ba wanda ya taɓa ko ƙwarzanewa a hannunsa. Ya girme ni da shekara tara, shi ya sa nake ce masa Yaya.

Yana da ɗan lambun dabino a Ƙuba, gadon ubansa. A lokacin Alhamis da Juma'a ne hutu, don haka duk Alhamis bayan la'asar can za ka same ni. In na rufe ido yanzu ina jin injin ban ruwa yana bugawa a hankali, ruwa na bin ƴan hanyoyinsa tsakanin gindin bishiyoyi, kurciyoyi na kuka, ƙamshin na'ana'a na tashi daga butar shayi. Inuwar ganyen dabino kan faɗo kan tabarma tana motsi, mutum ya rasa ko barci yake ko ido biyu. A ɗan ɗakin da ke ƙarshen lambun akwai akwatin ƙarfe mai kwaɗo biyu. Sai da muka shekara da sanin juna ya buɗe shi a gabana.

Fistol ce, babba, irin wadda ake kira arba'in da biyar. Shi musaddas yake ce mata. Baƙa ce wuluk, kuma da na ɗauka sai hannuna ya yi ƙasa, don nauyinta ya kai na ƙaramar gudumar kakanku. Harsashinta gajere ne mai ƙiba, kamar kan babban yatsa. Na juya ta, na sake juyawa, ina neman inda aka haɗa ƙarfe da ƙarfe, inda guduma ta bar tabo, ban samu ba. Kowane yanki ya shige cikin ɗan'uwansa ba tare da ko tsinke zai ratsa ba. Sai kawai na ji hawaye ya zo mini. Kakanku ya rasu shekara biyu kafin nan, ina Madina, ban samu jana'izarsa ba, kuma ba abin da nake so a lokacin kamar in sa masa wannan abu a hannu in ga yadda fuskarsa za ta yi.

"Ya Daktur," in ji Bakur, "wannan riƙon ba na mai ƙirga ƙwayoyi ba ne."

"Ɗan maƙeri ne, Yaya."

Ya yi dariya har da buga cinya. "To halas, shi ke nan. Baƙo ba ya samun ruhusa, lasisin bindiga, a ƙasar nan, don haka takarda tawa ce. Amma musaddas taka ce. Za ta zauna a akwatina, kai za ka riƙa shafa mata mai."

Haka na mallaki bindiga, a ƙasar da ko kujerar da nake zama a kai ba tawa ba ce. Wannan shekarar, cikin tsakiyar shekarun casa'in, ita ce mafi daɗi da na yi a duniya, kuma na yi ta ne kamar mai tafiya cikin mafarki. Da asuba in taka zuwa Masallacin Annabi, duwatsun farfajiya da sanyinsu a tafin ƙafa. In na fito in tsaya a jikin katangar Baƙi'a, maƙabartar da ke gefen masallacin, in roƙi Allah abu ɗaya da kowane baƙo a garin nan yake roƙo, wato ya ɗauki raina a nan a rufe ni a nan. Ummanku na ɗauke da cikin Ruƙayya. Duk wannan ni'imar a kan ɗan littafin iƙama take rataye, takardar izinin zama da ake sabuntawa in an ga dama, a ƙwace in mutum ya yi laifi. Ran Alhamis kuma in zauna a inuwar dabino in warware bindigata yanki-yanki a kan farin ƙyalle, in goge, in mayar. Ummanku ta gane tun daga warin man da ke hannuna.

"Malam, mutum ya zo birnin Manzo ya rasa abin so sai bindiga?"

"Ba harbin nake so ba. Ƙirar nake kallo."

"Haka duk masu kallo suke cewa," ta ce, ta miƙo mini sabulu.

Ta fi ni gaskiya, don ba a yi wata biyu ba muka fara fita harbi. Bakur ba ya yarda a tayar da bindiga a cikin haramin Madina, ko da a iska ne. Sai mu hau tsohuwar motarsa ta ɗaukar dabino mu wuce Bi'ir Ali, inda masu umara ke ɗaura harami, mu yi ta tafiya har gidaje su ƙare, mu sauka a wani kwari tsakanin baƙaƙen duwatsu. Ya jera gwangwanayen madara a kan dutse. Kuma ga yadda yake koyarwa: harsashi ɗaya yake sa mini, ɗaya tak. In harba, bayan bindigar ya ja baya ya tsaya a buɗe, alamar ba komai a ciki, in miƙa masa ya sake sa ɗaya. Haka yake wa duk sabon ɗalibi, kuma hikima ce. Sai dai bai san wane tsohon darasi yake ƙara dasa mini ba. Wata huɗu ina harbi ban taɓa gwangwani ba. Yakan ce duwatsun kwarin nan sun fi gwangwanayen tsorona.

Ranar da abin ya faru an yi ruwa kwana uku kafin nan, kuma kwarin ya fitar da wata siririyar ciyawa kore shar wadda ban taɓa tsammanin ƙasar nan na ɓoye da ita ba. Iska na kaɗawa da ɗan sanyi. Rana ta yi ƙasa, duwatsu sun yi ja. Bakur ya ce hannuna ya nutsu, lokaci ya yi da zan wuce ajin yara. Na tsaya ina kallo ya jera harsashi bakwai ya tura su ciki.

"Isma', saurara, ya Daktur. Yau na cika ta. Wannan ba irin ta babanka ba ce, ita ke ɗura wa kanta. In ta tofar da ɗaya, ta riga ta haɗiye wani."

Na ce na ji. Kuma na ji ɗin, kar ku ɗauka bai faɗa ba ko ban gane ba. Ni da na warware ta ya fi sau talatin, da za a ba ni alli zan zana muku yadda take yi. Kaina ya sani sarai. Na ɗaga, na daidaita, na saki numfashi kamar yadda ya koya mini, na taɓa kunama. Gwangwanin tsakiya ya yi sama yana juyi, hasken yamma na walƙiya a jikinsa, kamar ba zai sauko ba. Warin albarushi ya doki hancina, sai na ga ba a Hijaz nake ba. Ina bayan garinmu, ciyawar damina a ƙafata, an gama gwaji, bindiga ta yi maganarta. Na sauke hannu, na juyo ina murmushi irin na kakanku, zan miƙa wa Bakur sanda. Bayanta bai tsaya a buɗe ba wannan karon, ban duba ba. Yatsana na nan inda yake, kuma murna ta sa na damƙe hannu.

Ƙara ta biyun ban ji ta kamar ƙara ba, a haƙorana na ji ta. Bakur ya dube ni, ya dubi ƙasa, sannan ya zauna a hankali kamar mai shirin tahiya. Harsashin ya shiga ta idon sawunsa na dama. Abin da ya fara fita daga bakinsa ba salati ba ne, ba kuma zagi ba.

"Cire yatsanka. Juya bakinta can. Ajiye ta a ƙasa."

A zaune, jini na malala cikin ciyawar nan, ya jawo ta ya fitar da sauran harsasan, ya lalubo kwanso biyun da suka faɗi ya sa a aljihu. Sannan ya bar ni na yage mayafin kansa na ɗaure ƙafar. Na ciccibe shi na sa a mota, na ja. Ban san yadda na tuƙa ba. Abin da na riƙe shi ne mun iso Bi'ir Ali daidai magariba, motocin masu umara sun cika hanya, maza cikin fararen harami suna ta talbiyya ta tagogi, muna tafiya taku-taku a tsakaninsu. A nan ya yi maganar, idonsa a rufe.

"Asibiti za su kira shurɗa, ƴan sanda, dole ne. Ni na harbi kaina. Ina mayar da ita kube ta tashi. Kai kana bayan mota kana haɗa shayi."

"Yaya, ba zan iya ba."

"Za ka iya. Ni ɗan ƙasa ne, ina za su kai ni? Kai kuwa kurkuku ne, daga nan jirgi, kuma ba ka ƙara ganin Madina har ka mutu. Matarka wata nawa?"

"Bakwai."

"To halas."

Ɗan sandan da ya zo matashi ne mai ladabi, har kujera ya jawo mini ganin rigata duk jini. Ya buɗe littafinsa ya tambaye ni abin da na gani. Akwai taga a bayansa, kuma ta cikinta ina hango hasken hasumiyoyin masallaci. Na daɗe ina kallonsu. Sannan na ce ina bayan mota ina haɗa shayi, ƙara kawai na ji. Ya rubuta, ya yi mini godiya da na kawo mutumin da wuri. Zan gaya muku abin da na ji a lokacin, don in na ɓoye shi rubutun nan bai da amfani. Ba baƙin ciki na ji ba. Sauƙi na ji, wani sanyi ya sauko mini tun daga wuya har gwiwa, kuma wannan sanyin ne abin da na fi jin kunyarsa a duk rayuwata.

Da na koma gida na ba Ummanku labarin shayi. Ta saurara har na gama, ta kama hannuna na dama ta kai hancinta.

"Kai ne?"

Na sunkuyar da kai. Ta zauna a bakin gado, ta ɗora hannu a kan cikinta.

"Allah ya saka masa," ta ce.

Ba ta ƙara tayar da maganar ba har ta koma ga Allah. Amma kun tuna kular tuwo da miyar kuka da take sa ku kai Ƙuba duk Juma'a, ko tana zazzaɓi, ko ana azumi? Tun daga wannan makon ta fara.

Sau uku aka yi masa aiki, ƙarshe aka haɗe ƙashin ya daina lanƙwasuwa. Aka karɓe bindigar da takardarta, ban sake ganinta ba. A wurin aiki aka ɗauke shi daga filin harbi aka ba shi tebur da hatimi, bai shekara biyu ba ya ajiye. Amma ba ƙafar ce ta fi ba, sunan ne. Malamin harbin da ya harbi ƙafarsa, haka aka riƙa nuna shi daga Ƙuba har kasuwar dabino. Ɗaliban da suke miƙewa in ya shigo suka koma ƙunshe dariya. Mahaifiyarsa ta rasu tana yi masa faɗan sakaci. Shi kuwa sai ya karɓi labarin ya mai da shi nasa, yana ba da shi a wurin walima, kullum da sabon ƙari, wai ƙafar ce ta yi masa rashin kunya ya hukunta ta. Mutane su yi ta dariya, ina zaune a gefensa da kofin shayi, ni ma ina yi. Nakan lallashi kaina da cewa ai da gaskiya ta fito shi ma da an hukunta shi kan ba baƙo makami. Haka ne, amma da an ce masa mai ganganci da abota, ba a ce masa wanda bai iya aikinsa ba. Sau biyu na same shi na ce zan je in faɗa. Na biyun har ya ɗaga sandarsa.

"Kana so ƙafar ta tafi a banza ke nan? Zauna ka sha shayi."

Na zauna. Shekara goma sha uku na ƙara a Madina a kan ƙafar mutumin nan. A cikinsu aka haifi Ruƙayya, kuka yi karatu, kuka haddace abin da kuka haddace, kuka koyi ba ni amsa da Larabci in na yi muku Hausa. Sannan na cika sittin, aka kira ni ofis da fara'a aka ce ba za a sabunta kwantiragi ba. Ba laifin kowa, haka tsarin yake. Jirgin da na yi ƙarya don in guje masa ya jira ni, bai yi gaggawa ba.

Alhamis ta ƙarshe na je lambu. Injin ruwa na bugawa kamar kullum. Mun sha shayi, mun yi hirar farashin dabino, ba wanda ya ambaci tafiya. Da na tashi sai ya sa hannu a aljihu ya ɗora mini wani ɗan abu a tafi. Kwanson harsashi ne, ya yi baƙi-baƙi don tsufa.

"Na farkon ne," ya ce. "Wanda ya samu gwangwani. Harbi ne mai kyau, ya Daktur, ban samu na gaya maka ba a ranar."

Da ƙyar na tambaye shi ko zai yarda wata rana in faɗi gaskiya. Ya ce in ya mutu in faɗa da duk yaren da na ga dama, amma kafin nan kar in ɓata masa labari, don shi ne kaɗai labarinsa da ke sa mutane dariya.

Hafsa, ɗan ƙarfen nan da kike gani a cikin akwatin tabarauna, wanda kika taɓa cewa in jefar, shi ne.

Watan jiya Usama ya bugo mini waya daga Madina ya ce Ammi Bakur ya rasu, an yi masa salla a masallaci bayan azahar, an kai shi Baƙi'a. Ya samu abin da na tsaya ina roƙo a jikin katanga, kuma ban ji ƙyashi ba ko kaɗan. Ni kabarina a nan gida zai kasance, kusa da na maƙeri, kuma ya dace. Abin da ya hana ni sukuni shi ne abin da Usama ya ƙara da shi yana ƴar dariya, wai a wurin zaman makoki tsofaffi sun tuna labarin ƙafar, har ƴaƴansa sun sunkuyar da kai suna murmushi.

Ruƙayya, ke kika fi kowa Larabci a cikinku, kuma a Madina aka yanke miki cibiya saboda shi. Ki ɗauki takardun nan ki je Ƙuba. Ki tara ƴaƴansa a lambun, ki karanta musu tun daga marin da na yi miki har ƙarshe, kar ki gyara mini ko kalma ɗaya don ki rufa mini asiri. In kin gama, ki ce musu mahaifinsu bai taɓa kuskuren harbi ba.